Gida Da Daji: Zaren Da Ba Ya Ruɓewa

Bayan girbin bara na kai wa wani ƙanena ziyara a Numan, inda kogin Gongola yake haɗuwa da Binuwai. Wata rana da sassafe muka gangara bakin ruwa domin mu sayi kifi. Muna tsaye ana ciniki, sai yara suka ɗauki ihu can wajen wata bishiya da ta sunkuya bisa ruwa. Muka je mu gani. Ashe zalɓe ne yake reto da ƙafa ɗaya, kansa a ƙasa, fikafikansa a buɗe. Da fari na zaci tarko wani ya ɗana masa. Sai da na matsa kusa ƙwarai, rana ta haska, sa'an nan na ga abin da ya riƙe shi. Zaren fatsa ne na roba, siriri kamar gashin wutsiyar doki. Ya naɗe ƙafar, ya yanka ta har ƙashi, ɗaya bakin kuwa ya sarƙafe a reshe.

Wani dattijo masunci ya sa ɗansa ya hau da wuƙa ya yanke zaren. Tsuntsun ya faɗo, ya yi motsi kaɗan, ya mutu. Dattijon ya ɗauki zaren yana jujjuya shi a hannu. Na ce, "Baba, na wane ne?" Ya ce, "Malam, wa zai sani? Wataƙila ma nawa ne na bara. A zamanin ubana, da irin wannan ya ruɓe tun kafin ruwa ya janye."

Maganar nan ta dattijo ita ce ta sa na rubuta wannan.

Kakanninmu da auduga suke saƙa taru, da rama, da kuma zaren wani irin wake da ake kira yawa, wanda mutanen bakin Kwara da Binuwai suke nomawa musamman domin wannan aiki. Irin wannan taru yana son kulawa kamar jariri. In an fito da shi daga ruwa sai a wanke, a shanya, a zauna a ɗinke inda ya yage. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna abin da Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, suke yi cikin jirgi sa'ad da aka kira su. Gyaran taru ne. Wanda ya yi sakaci ya bar tarunsa a jiƙe kwana kaɗan, zai tarar ya fara ruɓewa. Wannan wahala ce ga masunci, amma kariya ce ga ruwa. Abin da ya tsinke ya nutse, ko aka yar a bakin gaɓa, ba ya daɗewa ya koma ƙasa. Saboda haka yar da tsohon zare bai zama laifi a wurinsu ba, kamar yadda yar da ɓawon gyaɗa ba laifi ba ne.

Sai aka sake zare, amma ba a sake hali ba.

A shekarar 1935 masanan kamfanin DuPont a Amurka suka gano yadda ake yin nailan. A 1939 kamfanin ya fara sayar da zaren fatsa na nailan mai sili ɗaya. Na farkon yana da tauri kamar waya, mutane ba su so shi ba sosai. Sai a 1959 aka fito da mai laushi da sirantaka, daga nan fa ya bazu ko'ina a duniya, har ya iso tafkin Kainji, da tafkin Chadi, da ɗan kududdufin bayan gari inda yaranmu suke jefa fatsa ran Asabar.

Kada mu yi wa zaren nan rashin adalci. Yana da arha. Yana da ƙarfi. Ba ya shan ruwa ya yi nauyi, gara ba ta cinsa, kifi kuma ba ya ganinsa cikin ruwa, don haka taru na roba ya fi na auduga kamu nesa ba kusa ba. Gidaje da yawa da shi suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu. Amma ku dubi waɗannan halaye nasa ɗaya-ɗaya. Ba ya tsinkewa da sauƙi, ba a ganinsa, ba ya ruɓewa. Abin da ya sa masunci ya so shi, shi ne abin da ya kashe zalɓen nan. Masana suna ƙiyasta cewa yana iya kai shekara 600 cikin ruwa kafin ya ragargaje. Ƙiyasi ne, gama nailan kansa bai cika shekara ɗari a duniya ba. Amma ko a ce rabin rabin haka ne, zaren da yaro ya yar yau zai riga jikokinsa zama a wurin. In ma rana ta busar da shi ya kakkarye, ba ƙasa yake komawa ba. Ɓarɓashin roba yake zama, ƙananan kifaye su haɗiye.

Ga yadda yake kisa. Tsuntsu mai yawo a bakin ruwa, kamar zalɓe ko balbela ko shamuwa, yana taka zaren da aka yar a dunƙule. Yana jin abu a ƙafa sai ya fizga. Kowace fizga tana ƙara ɗaure ƙullin. Jini ya daina kai wa yatsu, su kumbura, su bushe, su guntule. In ya tashi sama da sauran zaren yana ja, da maraice ya sauka a bishiyar kwana, sai zaren ya kama reshe. Da safe ya buɗe fiffike zai tashi, sai ya rataye. Waɗansu tsuntsaye kuma suna ɗaukar zaren su kai sheƙa, suna tsammani ciyawa ce, 'ya'yansu su girma a cikinsa ya shaƙe su. In da ƙugiya da guntun kifi a jikin zaren, agwagwar ruwa ko kififiya ta haɗiye, zaren ya tattare hanjinta. Ba mutuwar farat ɗaya ba ce. Kwana da kwanaki ne na yunwa.

Ku tuna kuma ba tsuntsayenmu kaɗai ba ne. Kowace shekara, in sanyi ya sauka a Turai, tsuntsaye dubu-dubu suna ƙetare hamada su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. Tsuntsun da ya tsallake teku da Sahara lafiya, abin tausayi ne a ce ɗan zare kamu biyu ne ajalinsa.

Taru kuwa ya fi fatsa ɓarna. Tarun da ake shimfiɗawa a bar shi ya kwana, wanda masunta suke kira kalli, in ya kama kututture a ƙarƙashin ruwa ya ƙi fita, mai shi yakan yanke abin da ya samu ya bar sauran. Sauran nan ba ya sanin an sallame shi daga aiki. Yana ci gaba da kamu dare da rana. Karfasa ta shiga ta mutu, warinta ya jawo tarwaɗa, ita ma ta shiga. Kififiya ta zo cin mushe, ta sarƙafe, ta kasa hawa shan iska, ta nutse. Haka nan mamari, igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, in ta ɓace. Duk kifin nan ba wanda ya ci, ba wanda ya sayar. Masuncin da yake kukan kifi ya ragu, wani lokaci tsohon tarunsa ne yake kishiya da shi a ƙarƙashin jirginsa.

Akwai kuma ayu. Yara da yawa yanzu sunansa kaɗai suke ji. Dabba ce babba mai shayarwa, marar faɗa, tana kiwon ciyawar ruwa a Binuwai da Kwara. Dole ta riƙa ɗago hanci ta shaƙi iska. In ta faɗa cikin taru na roba ta naɗe, ta mutu ke nan. Ayu kuwa ɗa ɗaya take haifa, bayan ta yi kamar shekara guda da ciki, sai ta ɗauki shekaru kafin ta sake. Irin wannan dabba ba ta jure asara.

Wata uwa za ta ce, "Mu ai ba masunta ba ne, ina ruwanmu?" Uwargida, ki kama kazarki mai ɗingishi ki duba ƙafarta. Sau da yawa za ki tarar da zare ya nutse cikin nama, ko na fatsar yara, ko zaren kitso, ko gashin roba da aka tsefe aka share bayan ɗaki. Duk dangi ɗaya ne. Akuya ma takan haɗiye shi tare da dusa. Mai jirgin inji ya san yadda zaren yake naɗe farfela, ya cinye robar da take tare ruwa, ruwa ya shiga giya, gyara ya ci kuɗin kifin mako guda. Mafi muni duka shi ne yaro mai iyo. A tafkin Bolta na Gana, wanda ya samu bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya rufe daji da itatuwansa a tsaye. Taru yana yawan kamawa a jikinsu, akan tura yara ƙanana su nutsa su kwance, yara kuwa sun sha mutuwa a haka. Tarun da ya riƙe ayu ba zai saki ɗan shekara goma ba.

In muka ɗaga ido zuwa teku, lissafin yana da ban tsoro. A 2022 waɗansu masana a Ostareliya suka tambayi masunta a ƙasashe bakwai, suka yi lissafi. Suka ce kusan kashi 2 cikin 100 na kayan kamun kifin duniya suna ɓacewa a teku kowace shekara. A ciki akwai doguwar igiyar ƙugiya mai tsawon wajen kilomita 740,000, watau abin da zai zagaye duniya sau 18, da ƙugiyoyi kusan miliyan dubu 14. Wani binciken na 2018 ya duba babban tarin shara da yake yawo a tekun Fasifik, ya tarar kashi 46 cikin 100 na nauyinsa tarun kamun kifi ne.

To, me waɗansu suka yi?

A jihar Filorida ta Amurka mutane da yawa suna kamun kifi domin nishaɗi, suna kuma da irin nasu ayu, da kwasakwasa masu yawa, waɗanda zaren fatsa yake yi wa lahani. Dabarar da suka yi ba ta da wuya ko kaɗan. Guntun bututun roba ne irin na famfo, mai faɗin inci 6, a sa masa gwiwa a sama da murfi a ƙasa, a ɗaure shi a jikin turke a wurin da ake kamun kifi. Wanda zarensa ya cukurkuɗe sai ya dunƙule ya tura ciki. Gwiwar tana hana ruwan sama shiga, tana hana iska fitar da zaren, tsuntsu kuma ba ya iya sa baki ya jawo. Masu aikin sa kai suna zuwa su kwance murfin, su ware ƙugiya da dalma da shara, su aika da zaren zalla zuwa wani kamfanin kayan fatsa mai suna Berkley a jihar Ayowa. Tun 1990 kamfanin yake karɓa, ya kuma ce abin da ya karɓa ya wuce mil miliyan 9. Can ake narkar da shi ya zama ƙwayoyi kamar tsabar dawa, a yi akwatin kayan fatsa da ƙwaryar naɗe zare da makamantansu. Ba a mai da shi sabon zaren fatsa. Mai sili ɗaya kaɗai suke karɓa, ban da tufkakke.

Dabara ce mai kyau, amma na daɗe ina tunani a kanta, na ga ba za a ɗauko ta ɗungum a dasa a bakin Binuwai ba. Mutumin Filorida ya ƙoshi kafin ya fita da fatsarsa. Yana da gidan waya mai aiki da kamfani mai jira. Masuncinmu kuwa abincin yau yake nema. Tarun roba mai sili ɗaya yana da wuyar ɗinki, ƙullinsa yana zamewa, rana tana gasa shi, sayen sabo ya fi gyaran tsoho sauƙi. In ka ce masa ya kwaso tsohon taru mai wari ya cika jirginsa da shi a maimakon kifi, sai ya tambaye ka wa zai biya. Doka kaɗai ma ba ta isa ba. Ƙasar Senegal ta hana irin wannan taru tun 1998, amma bai bar bakin tekunta ba, gama arharsa ta fi tsoron hukuma ƙarfi.

Abin da ya fi kama da halinmu an gwada shi a maƙwabta. A 2012 ƙungiyar masana dabbobi ta birnin Landan ta haɗa kai da wani kamfanin shimfiɗar ƙasa mai suna Interface, suka fara wani shiri da suka kira Net-Works a ƙauyukan masunta na ƙasar Filifin. Mutanen ƙauye suna tsince tsofaffin taruna daga gaɓa da cikin ruwa, su wanke, su shanya, a auna a kan sikeli a biya su. Ana danne tarunan su zama dami da wani abin matsi na hannu wanda ba ya bukatar lantarki. Daga nan sai jirgin ruwa ya kai su wata masana'anta a ƙasar Sulobeniya a Turai, inda ake warware nailan ɗin da magunguna ya koma sabon zare, a saƙa shimfiɗar ofisoshi da shi. Kuɗin kuwa yana shiga ƙungiyoyin ajiya na ƙauye, kamar adashin da matanmu suke yi. A 2015 aka kawo shirin tafkin Ossa, kusa da garin Edeya a kudancin Kamaru, inda ayu yake zaune, tsofaffin taruna kuma suka yi yawa.

Abin lura a nan shi ne sikeli. Ku dubi garuruwanmu. Yaushe rabon da ku ga tsohuwar tukunyar dalma ko guntun ƙarfe a juji? 'Yan gwangwan sun share su sarai, ba domin an yi musu wa'azin tsabta ba, sai domin akwai mai saye. Tsohon takalmin roba ma yana da kuɗi. A duk bakin ruwan da na taka ban ga mai sayen tsohon taru ba tukuna. Ran da ya samu kuɗi, ko kaɗan ne a kilo, yara za su tsince shi kafin ya taɓa ƙasa. Ina roƙon 'ya'yanmu da suka yi karatu, da masu sana'ar niƙa roba a Kano da sauran birane, su dubi wannan. Sarkin Ruwa na kowane wuri kuwa yana da bakin da masunta suke ji fiye da na baƙo. In ya ce ba a barin tsohon taru a gaɓa, za a rage.

Kafin wannan rana ta zo, akwai abin da yake hannun kowane gida. Yaron da zai tafi fatsa, a ba shi ɗan gwangwani mai murfi ya sa a aljihu, a kuma tambaye shi da ya dawo, "Ina zaren da ya tsinke?" In an tara, a sa almakashi a yayyanka shi gajere-gajere, kada ya wuce tsawon yatsa, gama guntun da bai isa naɗe ƙafa ba ba ya rataye tsuntsu. Sa'an nan a rufe a gwangwani a binne da zurfi, nesa da rafi. Kada a yar da shi a juji a dunƙule, wurin kiwon kaji da angulu ke nan. Kada kuma a hura wuta da shi. Na san mata da yawa suna kama wutar girki da leda da tsohon zare in itace ya jiƙe. Hayaƙin nan guba ne ga mai girki da ɗan da yake goye a bayanta.

Tsohon taru mai sauran ƙarfi yana da amfani. Ana tufka igiya da shi, ana yin ragar ƙwallo, ana yin soson wanka da mai kauri. Masu kewaye lambu da shi su ja shi ya miƙe sosai, su riƙa dubawa safe da yamma, gama in ya yi sako-sako ya koma tarko ke nan a kan tudu.

In kuwa kun tarar da tsuntsu a sarƙafe da ransa, kada mutum ɗaya ya tunkare shi. Ku zama biyu. A fara rufe masa kai da zane ko riga, zai natsu. A yi hankali ƙwarai da zalɓe, gama ido yake nufa da bakinsa, yana da sauri kuma. Ɗaya ya riƙe baki da fikafikai, ɗaya ya yanka zaren a wurare da yawa ya zare a hankali, kada ya fizga. In kwasakwasa ce, kada a matse bakinta gam, ta baki take numfashi. Ƙugiyar da ta shiga nama ba a jawo ta baya, saboda ƙayar da take bakinta. A tura ta gaba har ƙayar ta fito, a datse da filaya, sauran sai ya zare. Zaren da ya shiga maƙogwaro kuwa ba a ja, a yanke shi dab da baki. Mai fatsar da tsuntsu ya kama ƙugiyarsa, kada ya yanke zaren daga nesa ya ce ya rabu da wahala. Tsuntsun zai tashi da kamu goma yana ja, ƙarshensa irin na zalɓen Numan. Ya jawo shi sannu-sannu ya kwance shi. Bayan haka a wanke hannu da sabulu. Tsuntsun da aka tarar a mace ba a san dalili ba, kada yara su taɓa, saboda murar tsuntsaye.

Kafin in bar Numan, ni da ƙanena muka sami babban gwangwanin madara, muka huda murfinsa, muka kafa shi da ƙusa a jikin bishiyar nan. Dattijon ya yi dariya, ya ce yara za su cire su kai wa 'yan gwangwan. Haka kuwa aka yi, bai yi mako ba. Ƙanena ya aiko mini da saƙo cewa sun sa tsohuwar jarka ta roba a madadinsa, sun ɗaure ta da waya. Wannan tana nan. Ya buɗe ta bayan wata biyu, ya sami zare cike da hannu biyu, da ƙugiya goma sha ɗaya, da ɓawon rake mai yawa.